Haƙoran Roba Tsakanin Hukuncin Shari'a da Zaton Jama'a: Nazarin Wasu Shubuhohi a Kakangi da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta tattauna wasu ra'ayoyi da suka yaɗu tsakanin jama'a game da sanya haƙoran roba, tare da duban halin da ake ciki a Kakangi da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, inda rashin tsaro da nisan ƙwararrun likitoci ke sa mai giɓi ya daɗe da giɓinsa. An auna kowane ra'ayi da nassi da maganganun malaman Malikiyya, aka waiwayi sauran mazhabobi da bayanan likitocin haƙori inda buƙata ta kama. An nuna cewa mayar da gurbin haƙorin da ya faɗi babi ne na magani, ba ya shiga cikin canja halittar da aka hana, kuma ba ya ɓata alwala, wanka, salla ko azumi. An kuma ja hankali ga wasu al'adu da jama'a ba su cika tambaya a kansu ba, alhali su ne suka fi kusa da hani.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya kyautata halittar ɗan Adam, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Shari'a ta ba haƙori daraja bayyananniya. An ambace shi da sunansa a ayar ƙisasi ta 45 a Suratul Ma'ida, kuma a wasiƙar da Manzon Allah (S.A.W.) ya rubuta wa Amru bn Hazm, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an yanke diyyar kowane haƙori raƙuma 5, wato kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyyar rai. Gaɓar da aka yi wa wannan kimar, rashinta ba ƙaramar hasara ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, kimanin kashi 23 cikin 100 ba su da ko haƙori ɗaya.

Kakangi gari ne na manoma a yammacin ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ban da tsufa da ruɓewar haƙori da ciwon dasashi, waɗanda ko'ina ana samunsu, wannan yanki yana da nasa dalilai: haɗarin babur a kan munanan hanyoyi, da dukan da mutane suka sha a hannun 'yan bindigar da suka addabi dajin shekara da shekaru. Mai neman ƙwararren likitan haƙori sau da yawa sai ya dangana da Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga garin Birnin Gwari, ko kuwa Zariya. Aikin kuma ba na zuwa ɗaya ba ne, domin sai an ɗauki awon baki, an gwada, sannan a saka. Mutumin da ya sayar da hatsinsa ya jure wannan zirga-zirga, idan ya dawo gida aka ce masa abin da ya sanya haramun ne ko yana hana alwala, zaɓi biyu ke gabansa: ya jefa haƙoran a kwano ya koma shan kunu, ko ya ci gaba da sanyawa yana kokwanton sallarsa. Duka biyun cutarwa ce da za a iya kauce mata da ilimi.

2.0 Ire-iren haƙoran da ake sanyawa

Hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka ya kamata a rarrabe nau'i uku. Na farko shi ne wanda ake cirewa a mayar, ko dai cikakken jeri ga wanda bakinsa ya zube gaba ɗaya, ko ɗan yanki mai cike giɓin haƙori ɗaya ko biyu. Wannan ne jama'a ke kira haƙoran roba, kuma shi ya fi yawa saboda sauƙin kuɗinsa. Na biyu shi ne wanda likita ke liƙawa a jikin haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin, mai shi ba ya iya cire shi. Na uku shi ne dashe, inda ake kafa ƙusar ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kanta, aikin da aka fara yi wa ɗan Adam a ƙasar Siwidin a 1965. Akwai kuma rufin zinariya ko azurfa da ake yi wa lafiyayyen haƙori don ado, wanda aka fi sani da haƙorin Makka. Shi kam babinsa daban.

3.0 Shubuha ta farko: canja halittar Allah

Wannan ita ce uwar shubuhohin. Masu riƙe da ita suna kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na umartar mutane su canja halittarSa, da kuma hadisin Abdullahi bn Mas'ud (R.A.) da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya zo da la'ana a kan masu yin jarfa, da masu tsige gashin gira, da masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu. Ayar da hadisin tabbatattu ne. Kuskuren yana wajen ɗora su a kan mas'alar da ba tasu ba.

Hadisin ya ƙayyade aikin da neman kyau. Imamu Nawawi, a sharhinsa ga Sahihu Muslim, ya fahimci daga wannan ƙaidi cewa abin da aka haramta shi ne wanda aka yi don ƙawa, amma idan buƙatar magani ko wani aibi a haƙorin ta sa aka yi, babu laifi. Daga nan malamai suka bambanta tsakanin gusar da aibi da ƙarin kyau. Wanda ya goge lafiyayyen haƙori ya karkatar da halitta daga yadda aka yi ta. Wanda ya cike giɓi kuwa yana ƙoƙarin komawa ga siffar da Allah Ya halicce shi a kanta tun farko.

Asalin wannan babi shi ne ƙissar Arfajatu bn As'ad (R.A.), wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya, ya yi hancin azurfa, ya yi masa ɗoyi, sai Annabi (S.A.W.) ya umarce shi da ya yi na zinariya. A nan an sami halascin abu biyu a lokaci guda: sanya gaɓar da aka ƙera a gurbin wadda ta salwanta, da amfani da zinariya ga namiji idan lalura ta kama. Bayan kawo hadisin, Tirmizi ya ambata cewa an ruwaito daga ma'abuta ilimi da dama cewa sun ɗaure haƙoransu da zinariya. Shaihu Halil ma, a Muhtasar, da yake magana a kan haramcin ado da zinariya da azurfa ga namiji, ya togace Mus'hafi da takobi da hanci da ɗaurin haƙori da zoben azurfa. Wannan littafi ne da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni, saboda haka halascin ba baƙon ra'ayi ba ne da aka shigo da shi daga asibiti.

Likitocin Musulmi sun yi aiki da wannan fahimta. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajajen shekara ta 1013 Miladiyya, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa, ya fifita zinariya saboda ba ta lalacewa a baki, ya kuma ambaci sassaƙa haƙori daga ƙashin saniya a sa a gurbin wanda ya faɗi. A wannan zamani, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 da aka yi a Malesiya a 2007, ta halatta aikin da manufarsa mayar da gaɓa ga siffarta ko aikinta na asali, da gyaran aibin da haɗari ko cuta suka haifar, ta hana wanda ake yi don bin son rai ko yaudara.

Wani zai ce: ai zubewar haƙori tsufa ne, kuma hadisin Usamatu bn Sharik (R.A.) da ya yi umarni da neman magani ya togace tsufa a matsayin ciwon da ba shi da magani. Amsa ita ce haƙoran roba ba sa mayar da tsoho yaro, kuma babu mai da'awar haka. Matsayinsu matsayin sanda ne ga mai raunin gwiwa, ko tabarau ga mai raunin gani, kuma ba a san malamin da ya hana dattijo dogara sanda ba. Ƙari a kan haka, da yawa daga masu giɓi a irin wannan yanki matasa ne da haɗari ko duka ya karya wa haƙori.

Abin lura a nan shi ne yadda aka juya ma'auni. Hausawa suna ɗaukar wushirya a matsayin kyau, kuma wadda aka haifa da ita ni'ima ce babu laifi. Amma wanda ya je aka goge masa haƙoran gaba don a buɗa masa wushirya, shi ne ainihin wanda lafazin hadisin Ibn Mas'ud ya ambata. Haka nan haƙorin Makka: zinariya halal ce ga mace don ado, bisa hadisin Abu Musal Ash'ari (R.A.) da ya halatta zinariya da alhariri ga matan al'umma ya haramta su ga mazanta, sai dai idan sanya rufin ya buƙaci a kankare lafiyayyen haƙori, to an kusanci wurin hani. Namiji kuwa da ya rufe lafiyayyen haƙori da zinariya don a san ya sauke farali, ba shi da lalurar da Arfajatu ya samu, ga kuma tsoron riya. Ko a wajen magani ma, malamai da yawa na wannan zamani suna ganin namiji ba zai zaɓi zinariya ba matuƙar akwai abin da zai maye gurbinta. Ke nan abin da ake yi wa murna shi ya fi buƙatar tambaya, wanda ake ƙyama kuwa halascinsa a fili yake.

4.0 Shubuha ta biyu: da haƙoran matattu ko ƙashin alade ake yin su

Wannan jita-jita tana da tushe a tarihi, ko da yake zamaninta ya shuɗe. A Turai, a ƙarni na 18 da farkon na 19, ana sassaƙa haƙoran sanyawa daga hauren giwa da na dorina, ana kuma jera musu haƙoran mutane na gaske, har da waɗanda aka ciro daga gawarwakin sojoji bayan yaƙin Watalu na 1815. Da a ce haka ake yi har yau, da tambayar ta yi nauyi, domin a mazhabar Malik ƙashin mushe da ƙahonsa da haƙorinsa najasa ne, kuma ɗan Adam, duk da cewa jikinsa mai tsarki ne a zance mafi inganci, yana da alfarmar da ta hana a mayar da gaɓoɓinsa haja.

Sai dai sana'ar ta bar wannan hanya tuntuni. An fara yin haƙora da tangaran tun ƙarshen ƙarni na 18, aka koma yin gindinsu da danƙon da aka ƙona da farar wuta a tsakiyar ƙarni na 19, sannan daga ƙarshen shekarun 1930 robar da ake kira akirilik ta mamaye aikin. Ita ce jar robar nan mai kama da dasashi, kuma galibin haƙoran da ake jerawa a kanta ma da ita ake yin su, wani lokaci a haɗa da waya ko firam na ƙarfe marar tsatsa. Roba da tangaran da ƙarfe duk sandararrun abubuwa ne marasa rai, hukuncinsu tsarki ne kamar kwano da cokali.

Wuri ɗaya ne ya cancanci tambaya. A aikin dashe, idan ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye, likita kan cike shi da garin ƙashi, wanda ana iya samo shi daga jikin majinyacin, ko daga saniya, ko alade, ko kuma a haɗa shi a masana'anta. Musulmin da za a yi wa dashe yana da haƙƙin ya tambayi asalin abin, ya zaɓi wanda babu shubuha a cikinsa. Wannan bai shafi haƙoran roba da ake cirewa ba ko kaɗan.

5.0 Shubuha ta uku: suna hana ingancin alwala da wanka

Ana cewa tunda roba ta rufe dasashi da ganɗa, ruwa bai isa wurin ba, an bar lam'a. Ɗalibin da ya karanta Ahlari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa kurkurar baki tana cikin sunnonin alwala da na wanka, ba ta cikin farillai. Cikin baki a wurin Malikiyya da Shafi'iyya ba ya cikin fuskar da aka wajabta wankewa, lam'a kuwa ana maganarta ne a gaɓar da wanke ta farilla ne. Wanda ya bar kurkurar baki ɗungurungum sallarsa ta inganta, balle wanda ya kurkure da haƙoran roba a bakinsa.

Imamu Ahmad ya wajabta kurkurar baki a alwala da wanka, Imamu Abu Hanifa kuma ya wajabta ta a wanka kaɗai. Ko a wurinsu, haƙorin da aka liƙa ko aka dasa ya ɗauki hukuncin na asali, ba a neman a cire shi, domin a cikin hakan akwai ƙunci, Allah kuwa Ya kore nufin ƙunci a ƙarshen ayar alwala kanta, aya ta 6 a Suratul Ma'ida. Game da wanda ake cirewa, ruwa kan kutsa ƙarƙashinsa yayin kurkurawa, ko da yake wasu malaman Hanafiyya na wannan zamani suna ganin a cire shi a wankan janaba idan ya matse har ruwa ba ya shiga. A mazhabar Malik akwai misali makusanci: zoben da Shari'a ta yi izinin sanyawa ba a wajabta motsa shi a alwala ba, alhali yana kan gaɓar da wanke ta farilla ne. Abin da ke kan gaɓar sunna ya fi cancantar rangwame.

Wasu kuma suna ƙiyasta haƙoran da huffi, su ce wanda ya yi alwala da su sannan ya cire, alwalarsa ta warware. Abubuwan da ke warware alwala ƙididdigaggu ne a littattafan fiƙihu, cire wani abu daga baki ba ya cikinsu. Hatta jinin da kan fito daga dasashi a kwanakin farko na sanya su ba ya warware alwala a wurin Malikiyya. Saboda haka wanda aka tsoratar da cewa sallolinsa na shekaru sun ɓaci, babu ramuwa a kansa. Cire su a wanke lokacin alwala abu ne mai kyau ta fuskar tsafta ga wanda ya sami sauƙin haka, amma ba sharaɗi ba ne.

6.0 Shubuha ta huɗu: salla da limanci

Salla da haƙoran roba ingantacciya ce, domin tsarkakakken abu ne. Idan suka motsa mai salla ya gyara su da harshe ko da hannu, wannan aiki ne kaɗan da ba ya ɓata salla.

Masana tajwidi ma suna da dalilin ƙarfafa sanya su. Haruffa da yawa mafitarsu tana rataye da haƙora. Sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un suna fita ne tsakanin kan harshe da gefen haƙoran gaba na sama. Ta'un da dalun da ɗa'un suna fita daga kan harshe da tushen waɗannan haƙora. Fa'un tana buƙatar haƙoran gaba na sama su taɓa cikin leɓen ƙasa, ladun kuwa gefen harshe ne tare da turamen sama. Fatiha kaɗai ta ƙunshi da dama daga cikinsu. Alarammar da ya yi wawulo yakan ji karatunsa ya sauya, wani har ya janye daga limanci ko jan baƙi don kunya. Limancinsa bai ɓaci ba, domin Shaihu Halil ya ambaci halascin koyi da mai lauyewar harshe da ba ya iya fitar da wasu haruffa. Amma idan akwai hanyar da za ta mayar masa da mafitar haruffa, neman ta taimako ne ga karatun Alƙur'ani. Sabon mai sanyawa yakan yi 'yan makonni harshensa bai saba ba, kuma yawan karatu a bayyane na daga cikin abin da ke gaggauta sabon.

7.0 Shubuha ta biyar: azumi

Abin da ke karya azumi ta wannan kafa shi ne isar wani abu maƙogwaro. Haƙoran roba suna zaune a baki, ba sa narkewa, don haka sanya su ko cire su da rana ba ya taɓa azumi. Majalisar Fiƙihun da aka ambata, a zamanta na 10 a Jidda a 1997, ta lissafa cire haƙori da huda shi da wanke shi cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar an kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Abin kiyayewa biyu ne: a cire haƙoran a wanke bayan sahur, saboda ragowar abinci kan maƙale a ƙarƙashinsu, kuma mai amfani da man liƙa haƙora ya taƙaita shi, ya tofar da abin da ya ji ya narke.

8.0 Shubuha ta shida: yaudara a aure, da batun diyya

Wasu suna kwatanta haƙoran roba da ƙarin gashi da aka hana, su ce ɓoye aibi ne ga mai neman aure. Malikiyya sun ƙididdige aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure: hauka, kuturta, albaras, da cututtukan da ke hana saduwa. Rashin haƙori ba ya cikinsu, sai idan an sharɗanta kuɓuta daga aibi a wajen ɗaurin aure. Duk da haka, wanda aka tambaya ba ya halatta ya yi ƙarya, kuma faɗin gaskiya tun kafin aure ya fi wanzar da ƙauna. Manufar mai sanya haƙoran ita ce tauna da magana da suturta bakinsa, kuma neman sutura ba ha'inci ba ne.

Ta fuskar diyya, wanda aka fasa wa haƙori haƙƙinsa ba ya faɗuwa don ya sanya na roba. A Muhtasar an tafi a kan cewa babban mutum da aka cire wa haƙori yana karɓar diyyarsa ko da an mayar da haƙorin ya kafu, balle wanda ya cike gurbin da roba. Wanda kuma ya fasa wa wani haƙoran roba, dukiya ya lalata, ƙimarta zai biya. Masu sulhu a ƙauyuka suna buƙatar sanin wannan bambanci.

9.0 Shubuha ta bakwai: mamaci

Akwai masu zaton cewa wanda aka binne da haƙoran roba za a yi masa azaba, ko a tashe shi da su. Babu nassin da ya zo da haka. Abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne za a tashi mutane ba takalmi, ba tufafi, ba kaciya, wato a mayar da halitta cikakkiya kamar yadda aka fare ta.

Abin da ya rage shi ne aikin masu wanka. Idan haƙoran na cirewa ne kuma suka fita cikin sauƙi, a cire su. Idan muƙamuƙi ya sandare, ko haƙoran liƙaƙƙu ne, a bar su, saboda hadisin Nana A'isha (R.A.) da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Zinariya kuwa dukiya ce da ta koma hannun magada, wataƙila har da marayu a cikinsu, kuma an hana tozarta dukiya, don haka ana cire ta idan za ta fita ba tare da keta alfarmar gawa ba. Idan sai an fasa ko an yanka, alfarmar mamaci ita ce gaba. Ba ya dacewa a jinkirta jana'iza ko a ta da husuma a kan wannan.

10.0 Kurakuran da suka shafi lafiya

Jiki amana ne, kuma ƙa'idar Shari'a ita ce a gusar da cuta. Akwai kurakurai a wannan fage da illarsu ta fi ta shubuhohin da suka gabata.

Na farko shi ne kwana da su, wanda kunya ke jawowa, musamman ga mai sabon aure. Dasashi yana buƙatar hutu, kuma rufe shi dare da rana yana haifar da kumburi da ƙwayar cuta a ganɗa. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama a Japan ya gano cewa kwana da haƙoran roba yana ninka haɗarin ciwon huhu kusan sau biyu. Ƙaramin yanki mai haƙori ɗaya ko biyu kuma yana iya suɓucewa a haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, lamarin da likitocin asibitocin koyarwa na Nijeriya suka sha ba da rahotonsa, ga shi kuma robar ba ta fitowa sosai a hoton asibiti. Ga wanda ke Kakangi, nesa da likitan da zai ciro ta, wannan haɗari ne ga rai.

Na biyu shi ne zaton cewa tunda roba ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar wanki. Datti yana taruwa a kanta kamar yadda yake taruwa a kan haƙori. Ana wanke ta kullum da buroshi mai laushi da sabulu, a jiƙa ta a ruwa mai tsabta da dare. Toka da gawayi da yashi suna kankare ta, tafasasshen ruwa kuma yana lanƙwasa ta. Sunnar asuwaki ba ta faɗi ba: ana goge sauran haƙora da harshe, a tsaftace dasashi a hankali.

Na uku shi ne ɗaukar su na har abada. Ƙashin muƙamuƙi yana raguwa bayan zubewar haƙori, don haka abin da ya zauna daram bana zai yi sako-sako bayan wasu shekaru, sai an koma an gyara ko an sake. Ciwon da haƙoran suka ji wa baki, idan ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi ga likita.

Na huɗu shi ne zuwa wurin wanda bai ƙware ba, ya liƙa roba a jikin haƙora a kasuwa, ko mutum ya manne wadda ta karye da gam, ko ya ari ta wani. Kowane baki da awonsa, kuma abin da aka liƙa ba bisa ƙa'ida ba yakan ruɓar da lafiyayyun haƙoran da ke gefensa. A hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, an ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba.

11.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa sanya haƙoran roba halal ne, asalinsa hadisin Arfajatu, kuma littattafan Malikiyya da ke hannun ɗalibai sun wadatar wajen warware mafi yawan tambayoyin da ake yi a kansa. Yana iya kaiwa ga abin so ga wanda rashin tauna ya raunana jikinsa, ko rashin haƙori ya taɓa karatunsa. Malaman wannan ƙasa ba su taɓa raba fiƙihu da kula da lafiyar jiki ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan maganin basir da ciwon ido.

Ya kamata limamai da masu tafsiri a Kakangi da maƙwabtanta su sanya wannan mas'ala cikin darussan tsarki da azumi, su bayyana ta ba tare da an jira mai kunya ya tambaya ba, su kuma isar da ita ga mata ta hanyar makarantun Islamiyya. Masu wankan gawa maza da mata suna buƙatar a koya musu abin da ake cirewa da abin da ake bari. Mawadata su sani cewa taimaka wa talakan da aka karya wa haƙora ya sami abin tauna sadaka ce mai amfani, kuma matalaucin da aka ba zakka yana da ikon kashe ta a wannan buƙata. Hukumomin lafiya kuma su duba yiwuwar kusanto da aikin haƙori ga mutanen yammacin Birnin Gwari, domin nisan ƙwararre shi ke tura mutane hannun wanda bai iya ba.

Allah ne Mafi sani.